Saura Kashi Huɗu, Jarumina

Zuwa ga hasken idona, sanyin ruwan randa, inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu, gwarzon da dodanni ke tsoro a cikin waya, Kailani.

Bayan gaisuwa, yaya jikin jarumin naka na wasan waya? Chinedu mai gyaran waya, abokin yaƙinka, ya ce an sare masa ƙafa ranar Talata, har yana ɗingishi. Innalillahi! Ashe wannan babban iftila'i ne ya hana ka zuwa zance. Ni kuwa da na shimfiɗa tabarma a zaure tun la'asar, na dama kunun gyaɗa har ya huce ya daskare, wa ya aike ni?

Ka tuna ranar da ka fara nuna mini wasan nan? Ruwa ya tsare mu a zaure, ƙamshin ƙasa na tashi, ka sassauta murya ka ce za ka nuna mini abin da ya fi komai daraja a wurinka. Na ɗauka maganar aure ce, na sunkuyar da kai. Sai ka miƙo waya. Takobi! Ka ce kowane sara yana cin ƙarfinsa, koren layi ya riƙa komawa ja, kuma dole a kai wa maƙeri da wuri, don in ya kai sifili ya karye ke nan, ba gyara. Wallahi ban taɓa jin namiji ya tausaya wa wani abu haka ba.

Shi ya sa da na gurɗe ƙafa wajen saukowa daga keke a Kwangila, kai na fara kira, ina kuka. Me ka ce, ya zumar rayuwata? Kana dariya ka tambayi kashi nawa ya rage mini, wai in zauna wuri ɗaya minti uku zan cike. Mai ɗori ya ja ƙafar nan har maƙwabta suka ji ihuna. Kwana tara ina bin bango. Jaruminka an ɗaure masa rauni sau uku a yinin da na gurɗe, ni ko lemo ɗaya ban gani ba.

To, Baba ya gaji. Sau biyu yana saka babbar riga yana jiran baffanninka su zo tambaya, sau biyu ina ce masa akwai mara lafiya a gidanku. Ai ban yi ƙarya ba, ko? Ya ce in an sauko Juma'a ba su zo ba, kada ya ƙara ganin takalminka a bakin zaurensa.

Ina son ka, Kailani, abin haushin ke nan. Ko ƙarar babur na ji sai na leƙa. Don Allah ka ajiye wayar nan ka je Gyallesu wurin baffanninka. Kai ka koya mini duba layi: nawa ya yi ja, saura kashi huɗu, kuma kai da bakinka ka faɗa mini abin da ke faruwa a sifili.

Taka har abada, matuƙar sun zo Juma'a,
Rauda, Tudun Wada.