Kakata ta ce sai ta zuba ƙasa a tumatirina

Assalamu alaikum ƴan gidan nan. Admin a ɓoye sunana, Gure ƙaramin gari ne, da an ga suna an gane gida. Don Allah ku ba ni shawara, amma in faɗa tun yanzu, mai shirin rubuta mini "ki yi haƙuri kawai" ya riƙe abinsa, mafita nake nema.

Ni budurwa ce, na yi makarantar lise, jarrabawar bak ta kayar da ni sau biyu na ce ya isa haka. Ina zaman gida sai na ga bidiyo a waya, ana noman tumatir ba ƙasa. Na tattara tsofaffin bidon mai, jarkokin roban nan, na yanke, na cika su da ɓawon gyaɗa da na babbake da tsakuwa wankakkiya, na jera a bayan ɗakinmu ƙarƙashin rumfar zana. A ruwa nake narka taki in ba su, wanda ya tsiyayo in tara in sake ba su, ruwan da nake kashewa bai kai na wankin kwanoni ba. Gidanmu kaf sai da suka yi mini dariya, ban kula kowa ba. Na farko suka mutu, na sake, na biyu suka kama, suka yi kore shar har da fure. Tun da na bar lakwal wannan ne abu na farko da na taɓa ya yi kyau.

Matsalar daga Kaka ta fito, mahaifiyar Babanmu. Ni da ita wasa muke sosai, tana ce mini manomiyar bido, ina ce mata tsohuwar da ta ƙi zamani. Mijinta marigayi, Malam, yana da lambu a wani kwari kan hanyar Gidigir, da shi ya ciyar da gidan nan. Yau rairayi ya binne rabinsa, sauran kuwa kanwa ta taso ta yi fari fat, ko ciyawa ba ta fita.

Na je suna a garin Bune na kwana biyu. Da na dawo na tarar rabin tumatirina sun langaɓe, bakin ganyen ya ƙone, ga ƙasa an tula a kan ɓawon gyaɗar. Ban ma tambaya ba Kaka ta faɗa da bakinta, tana murna. Wai tausayinsu ya hana ta sukuni, tsiro ba ƙasa maraya ne, shi ne ta aika aka ɗebo mata buhu guda daga lambun Malam ta zuba musu, ragowar ma don bayanta ya riƙe ne ba ta kai gare su ba. Akwai mata baƙi zaune a tabarma, ban duba ba, na ce:

"Kaka, ƙasar nan ai ita ta kashe lambun, shi ne kika kawo ta ta ƙarasa nawa?"

Da wani lokaci ne sai ta rama, ta ce bakina ya fi bidona faɗi a yi dariya. Ranar kuwa sai ta ɗauki carbinta ta shige ɗaki. Tun daga nan in ni na yi girki ba ta ci, sai Inna ta dama mata fura.

Baba ya kira ni ya ce na ci mutuncin uwarsa da ubansa a gaban baƙi, in je in durƙusa. Na je na durƙusa, wannan ba na gardama a kai, maganar ta yi kaifi. Sai Kaka ta ce ta yafe, amma da sharaɗi, duk abin da zai tsiro a gidan Malam sai ya taɓa ƙasar Malam, in bar ta ta zuba tafi guda a kowane bido da hannunta ta sa albarka. Na ce mata kanwar za ta kashe su kamar na baya, ta ce ba kanwa ba ce, bakina ne. Na ce to in ware bido guda in cika shi da ƙasar, a ce na Malam ne, ta ce ita ba sadaka ta zo roƙo ba. Baba kuma ya yanke, in Juma'a ta zo ban yarda ba, da kansa zai loda bidon a amalanke ya zubar bayan gari.

Inna ta ja ni gefe ta ce in juye buhun in cika shi da rairayi wankakke, tsohuwa ta zuba kowa ya huta. Inna ta manta wace ce surukarta. Matar da take ɗora ƙasa a harshe ta gaya maka daga wane kwari aka ɗebo ta? In ta gane, wannan karon ba a ƙin cin girkina kaɗai za ta tsaya ba. Kuma ni ko ba za ta gane ba ban iya wannan ba, abin da ke raina shi ke bakina, shi ya kawo ni nan.

Ni dai ga inda na tsaya, durƙuso ko kullum ake so zan yi, ƙasar ce ba za ta shiga bidona ba. Ba zan kashe abin da na raya da hannuna don a ce ina da ladabi ba. Na yi tunanin kwashe su zuwa gidan ƙawata, amma in suka fita daga gidan nan kamar na ce wa Kaka na zaɓi tumatir na bar ta ne.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, jiya da la'asar na leƙa bayan ɗaki, sai na ga Kaka zaune kan kujera ƴar tsuguno kusa da bidon da tumatirinsa ya fara ja, da kara a hannu tana korar kaji. Da ta gan ni ta kau da kai, ta ce inuwa ta zo sha.

To ƴan uwa, Juma'a jibi ce. In kwashe su in kai gidan ƙawata, ko in tsaya a gaban amalanken Baba? Ko in tsinko jan nan tun bai gama nuna ba in ajiye mata a cinya, in ga ko za ta iya mayar mini da shi?