Kejin Kakata da Tsattsewa Mai Zobe

Gwaggo Rumduol, ki taimake ni da shawara, don takaici ya kusa fasa mini kai. Ni ɗaliba ce a birnin Battambang. Muna da 'yar ƙungiya ta matasa masu bibiyar tsuntsaye. Ƙarshen mako mukan je fadama da malaminmu, mu kafa raga, mu auna tsuntsu, mu saka masa ɗan zobe mai lamba a ƙafa, mu sake shi nan take, don a san inda yake zuwa da kuma ko suna raguwa. Kuma suna raguwa, Gwaggo, ko makaho ya shiga fadamar nan zai ji shirun ya yi yawa.

Kakata, Yay Sokhom, ita ta raine ni. Mijinta masunci ne, bara ya rasu. Tun daga nan duk ranar ibada sai ta sayi kejin tsuntsaye a ƙofar gidan ibada, ta ɗaga shi sama ta yi addu'a, ta buɗe ta sake su, ladan ya je masa. Ta ce wanda ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar rai a tafkin Tonle Sap yana bukatar mai mayar da wasu a madadinsa.

Na daɗe ina haɗiye maganar. Ai kowa ya san ba daga sama tsuntsayen nan suka faɗo cikin keji ba, don masu saye ake kamo su. Tsattsewa ma ba ta cin tsaba, sai ƙwari a sama, amma haka ake watsa mata shinkafa tana kallo har yunwa ta gama da ita.

Watan jiya na raka kakata. Da ta buɗe kejin, wata tsattsewa ta kasa tashi, ta faɗo kan matakala. Na ɗauke ta, sai ga zobenmu a ƙafarta. Namu, Gwaggo! A tafin hannuna ta mutu. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, a gaban dangi da malaman gidan ibada, na ce wannan ba lada ba ce, kisa ne, kuma rayukan da take jawowa a kashe sun fi waɗanda take ceta. Ita kuwa ko gezau. Ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, mai kafa raga ce yau za ta koya mata tausayi.

Tun ranar ba ta ƙara kirana da sunan da take kirana tun ina ƙarama ba. Takan rufe mini shinkafa da miyar kifi ta ajiye, ta shige ɗaki. Kawuna Vuthy kuma ya samu abin yi, in na shigo sai ya miƙe wai ga ministar tsuntsaye ta iso, a ɓoye ƙwai. Abokaina na ƙungiya sun ce kada in sassauta. Su da sauƙi, ba su ke kwana a gidan ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Sati biyu suka rage a yi cikar shekarar rasuwar kakana. Kakata ta riga ta sa a tanadar mata keji mafi girma, kuma ta aiko Kawu ya gaya mini ni zan buɗe, tunda ni marigayin ya fi so. In na ƙi, na san na rasa ta. In na buɗe, da wane ido zan koma fadama? Na gaji da zama mai gaskiyar da kowa ke jin haushi.

Jika mai takaici, Battambang

*

'Yata, kan tsuntsaye kina da gaskiya, ba zan rage miki ko kaɗan ba. Muddin ana saye za a ci gaba da kamawa, kuma ƙasar nan na bukatar matasa masu ido irin naki.

Amma kin yi kuskuren wuri da kuskuren kalma. Ke tsuntsu kike gani a kejin nan, kakarki kuwa mijinta take gani. Tsohuwa ce da ke tsoron yana can yana shan wuya, kuma abu ɗaya da ta san za ta iya yi masa shi ne kika kira kisa a bainar jama'a. Ki ba ta haƙuri kan muryar da kika ɗaga. Ba sai kin janye gaskiyarki ba. Kuma ki lura, aiken da ta yi miki ba tarko ba ne, sulhu take nema ta hanyar da ta iya.

Kada ki karɓe mata abu ki bar ta hannu wofi. Yanzu ruwa ke janyewa daga gonakin shinkafa, kududdufai cike suke da 'yan kifayen da suka maƙale, rana za ta kashe su cikin kwanaki. Ba wanda ya kama su don a saya. Ki fara samun babban malamin gidan ibadarku a keɓe, ki roƙe shi ya zo bakin kogi ya yi addu'a, don daga bakinsa za ta fi karɓa. Ki tara abokan nan naki masu zuga da bokitai, har da Kawu Vuthy, tunda yana da ƙarfin ba'a ba zai rasa na ɗaukar ruwa ba. Ku kwaso kifayen, ita ta juye su a kogi da hannunta.

In duk da haka kejin ya zo bana, ki buɗe. An riga an kama su, ƙin buɗewarki ba zai ceci ko ɗaya ba. Kejin gaba shi ne abin yaƙinki, kuma ba za ki ci wannan yaƙin ba in ba ta magana da ke.

Idan kin zauna da ita, ki bar lissafin tsuntsaye a waje. Ki tuna mata abu ɗaya kawai, cikin taushin murya: kakanki bai taɓa kama tsuntsu ba. Kifi ya ɗauka daga ruwa, kifi ya kamata a mayar a madadinsa.

Ina yi miki fatan jin tsohon sunanki daga bakinta kafin ranar.

Gwaggo Rumduol