Atamfar Mama Rifkatu da Na Ɓata

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya jikin Baban Iliya, ya yara? Mu nan Gaya lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tun kafin Kirsimati ɗinkin bonane, wato bikin sabuwar shekara, ya taru mini, kowa na son kayansa ran ɗaya ga wata. Ko addu'ar safe na daina, daga tabarma sai keke. Ran Talata, garin sauri, na yanka atamfar Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, a juye, wadda ɗiyarta ta aiko mata daga Malanbil. Kwana biyu ina ɓoye ta.

Da na kai mata, fuskata ta duba, ba atamfar ba. Ta ce, "Hannatu, yaushe rabonki da zama gaban Ubangiji? Zauna." Ta riƙe hannuna muka yi addu'a, na yi kuka har ƙirjina ya saki.

Har yanzu ɗinkin na nan jibge, hankalina kuma yakan tashi. Amma kullum sai na durƙusa kafin in taɓa almakashi.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna Talatu.

Ƙanwarki,
Hannatu