Rijiya ta Bakwai

Litinin, 6 ga Maris

Na zaga rijiyoyin awo da safe. Sunan rijiya kawai suka ci, 'yan bututai ne muka kafa a fadama, nakan zura ma'auni in ga inda ruwa ya tsaya. Shida sun cika har suna neman tumbatsa. Ta bakwai, wadda ke kusa da bishiyar tuffar Mama, ƙayau. Shekara ta uku ke nan tana ba ni kunya.

Pani Jolanta ta hukumar kula da ruwa za ta zo dubawa ranar 18 ga Mayu. Sharaɗinta bai canja ba: kowace rijiya ta riƙe ruwa kwana talatin a jere, kada ya nutse fiye da taƙi guda daga saman ƙasa. In an cika, ta saki makin fadamar, wato shaidar cewa ta farfaɗo, masu gina titi su saya a madadin wata fadamar da suka binne. In ba a cika ba, maƙwabtan da suka ba ni aron filayensu za su karɓe abinsu, su tone magudanan da muka toshe. Komai ya koma busasshe kamar da.

Laraba, 15 ga Maris

Witek, babba a cikin masu filayen, ya tare ni a bakin rafi. "Ke ma dai, Bogna! Ki zuba wa ta bakwai bokiti biyu kullum da sassafe, wa zai sani? Kwaɗi ne za su kai ƙararki?" Na ce masa ya ji da shanunsa. Amma da na dawo gida sai da na tsaya ina kallon bokitin wanki. Na ji kunyar kaina.

Asabar, 25 ga Maris

Na shimfiɗa tsohuwar taswirar magudanai a kan tebur, ina bi layi-layi. Duk bututun yumɓu da aka zana mun fasa shi, mun cike gurbinsa. To ta ina ruwan ke sulalewa?

Baba na zaune a gefe yana shan shayi, ko ɗaga kai bai yi ba. Shi ya jagoranci busar da fadamar nan tun ban zo duniya ba, har gwamnatin wancan zamani ta ba shi lambar yabo. Na ce, "Baba, aikinka ne fa. Ba wani bututu da aka manta?" Ya ce, "Mu ba mu manta komai ba. Ku masu karatu ku nemo." Raina ya ɓaci. Na ce ai ɓarnar da ya yi ce nake ta gyarawa. Na cire lambar daga bango na jefa a aljihun tebur.

Ya miƙe. Ya wanke kofinsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Alhamis, 30 ga Maris

Shamuwa sun dawo kan turken lantarki. Ta bakwai, babu.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Daga coci Baba bai biyo ni gida ba. Na hango shi tsaye a gindin tuffar, hularsa a hannu, bakinsa na motsi. Shekara tara da rasuwar Mama, ban san har yanzu yana zuwa yi mata hira ba. Na koma kicin na ɗumama miyar kabeji, hawaye na zuba, na ce wa kaina albasa ce. Ban yanka albasa ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Yau zan rubuta da tsawo don kada in manta.

Ina ɗaura takalmin ruwa sai ga shi da shebur a kafaɗa. "Tashi mu je, 'yar nan." Ya jingina bayansa da tuffar, ya ƙirga taku goma sha biyu wajen rafi, ya soka shebur. "Nan." Na haƙa, shi yana gyara mini riƙo kamar ina 'yar shekara goma. Da ramin ya kai gwiwa sai ƙwas! Jan bututun yumɓu, ruwa na gudu a cikinsa abinsa, sumul kamar jiya aka sa.

Na ce, "Don me babu shi a taswira?"

Ya ce, "Ba na gwamnati ba ne. Na uwarki ne." Wai shekarar da suka yi aure nan take shuka kabeji, ƙafarta kullum a cikin ruwa, tari ya ƙi barinta. Sai ya riƙa tsinto fasassun bututai daga wurin aiki, yana zaɓar masu ɗan dama-dama, ya shimfiɗa mata shi kaɗai a ranakun hutu, wata biyu cur. Da wurin ya bushe ta dasa tuffar. "Ta ce in dai bishiyar nan na tsaye, ba ta da ikon cewa ban taɓa yi mata abin kirki ba."

Na ce to a bar shi kada ruwa ya kashe tuffar, zan roƙi Pani Jolanta ta sauya wa rijiyar wuri. Ya harare ni. "Ƙarya za ki yi wa matar mutane? Tuffa ba ta son ruwa a ƙafa, na sani. Ba ni shebur ɗin nan." Ya karɓi shebur. Sara uku ya yi kafin bututun ya fashe. Muka danna laka muka tattake. A hanyar gida ya riƙe gwiwar hannuna, wai santsi.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Kwana uku ana ruwan sama. Ta bakwai: yatsa huɗu daga sama! Na auna sau uku. Witek ya ce, "Ashe kin bi shawarata." Na ce ya je ya tambayi Baba.

Alhamis, 18 ga Mayu

Pani Jolanta ta zo da dogon takalminta da fuskar nan tata ta rashin wasa. Ta bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta gwada littafina da abin da na'urarta ta naɗa. Kwana talatin da biyar. Ta ce, "Shekara biyu busasshiya, yanzu haka? Me kuka yi mata?" Baba ya nuna mata gurbin, ya yi mata bayani dalla-dalla, har da zurfi da gangara. Ta ce rabon da ta ga shimfiɗar bututu mai kyau haka ta manta. Na ga kunnuwan Baba sun yi ja.

Ta sa hannu. Za a saki makin, filayen sun tsira. Kafin ta shiga mota ta dubi tuffar, ganyen ƙasa duk sun yi rawaya, ta ce, "Wannan ba za ta ga baɗi ba, kun sani ko?" Baba ya ce mun sani.

Lahadi, 21 ga Mayu

Kwaɗi sun cika fadama da kuka, har tsakar gida ana ji. Baba ya ce sun hana shi sauraron rediyo, amma shi ya buɗe taga.

Ya ce in Agusta ta yi zai koya mini yadda ake ɗaura idon reshen tuffa a jikin wata bishiyar, mu dasa a kan tudu bayan gida. Wai hannuna ya fi nasa tsayuwa yanzu.

Na mayar da lambar yabon bango. Ba don komai ba, ƙusar ce ke tsaye haka kawai, tana kama mini riga.