Ranar da Suka Ja da Baya a Bakin Rudu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ɗanki ne mai tsinin baki ke rubuto miki daga Aliero.

Ina shan maganin, Inna, kada ki damu. Tun ranar da kika kai ni asibitin ƙwaƙwalwa, kina cewa "ciwo ne kamar na kowa, a sha magani a tashi," ban tsallake ba. Takardar cikin kwalin ma na karance ta da bokon da na koya wa kaina. Maganin yana sa ni nauyin jiki da safe, amma ina fita.

Shekara uku ke nan ina tsintar albasa wurin Alhaji, ina ware ruɓaɓɓa kafin a zuba a rudu, inda ake ajiye ta har ta yi daraja. Babu wanda ya fi ni hannu. Sai dai kowa a wurin nan yana da izinin fushi, ban da ni. In wani ya ɗaga murya, a ce rana ce. In ni ne, a ce ciwon ya motsa.

Makon jiya wani dillali ya kawo kaya daga Jandutsi. Ina latsa wuyan albasar na san an ba ta ruwa dab da cira don ta yi nauyi. Irin wagga in ta shiga rudu, har ta kirki sai ta ruɓar. Na faɗa, da ƙarfi kuwa, kin san ni. Sai mutumin ya ce a ƙyale ni, ban sha maganina ba. Aka yi dariya.

Na ɗauki wuƙa in yanka ɗaya su gani. Inna, sai suka ja da baya. Mutanen da muke cin tuwo kwano ɗaya! Har Alhaji, taki biyu.

Na ajiye wuƙar. Na sa babban yatsa na fasa albasar, ruwa ya biyo hannuna har gwiwa. Ban ƙara ko kalma ba, kuma wallahi ban taɓa aiki mai nauyin shirun nan ba.

Alhaji ya mayar da kayan. Washegari ya ce daga yau ba buhun da zai shiga sai na duba. Ana ta yi mini barka, dillalin ma ya aiko da ban haƙuri. Na karɓi aikin, don na iya shi kuma ina so. Amma na gaji, Inna. Ke kaɗai ce, ko a kwanakin da ban san kaina ba, kike matsowa.

Allah ya jiƙanki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma ya ba ni ƙarfin da zan gaishe su gobe da safe.

Naki,
Autanki.