Kanumfari Biyar a Romon Kaza

Assalamu alaikum Anti,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina yagewa, wannan ta huɗun na ce ko ta yi kyau ko ba ta yi ba sai na aiko.

Shekarata arba'in da biyu, sha huɗu daga ciki a bakin murhun wani ƙaramin gidan abinci mai tebur tara na yi su. Karatuna bai wuce sakandare ba, girkin ma da ido da ƙunar hannu na koye shi. Abu ɗaya aka san ni da shi, wanda a kicin muke kira romon tire. In an gasa kaji, akwai ruwan da ke tsiyaya ya daskare a ƙasan tire. Shi nake kankarewa da romon ƙashi, in tace, in kwashe man da ya taso, in bar shi a ƙaramar wuta har tukunya guda ta koma kofi uku, ya yi duhu yana manne wa bayan cokali. Akwai masu zuwa wurinmu don shi kaɗai.

Wata huɗu da suka wuce na yi wata mura mai zafi. Murar ta tafi, amma ta tafi da hancina. Gishiri ina jin sa a harshe, haka tsami da zaƙi da ɗaci. Ƙanshi ne babu ko ɗis. In na kai romon nan baki, ruwan gishiri mai danƙo kawai nake ji.

Ban faɗa wa kowa ba. Abin da ya rufa mini asiri littafi ne. Tun ina budurwa nake rubuta abin da ya faru da ni kullum, da na fara aiki sai awon girki ya shiga ciki: ruwa kofi kaza, wuta minti kaza. Da awon nake bi, romon yana fitowa yadda aka saba, ko kuma dai ba wanda ya ce komai, ban sani ba.

To yanzu uwar ɗakina, mai wurin, ta ce abincinmu ya tsufa. Tana son sababbin faranti uku da za a gina a kan romon nan, kuma ranar Asabar ta sama za ta zauna ta ɗanɗana. Abin da ban taɓa dafawa ba, babu shi a littafi.

Na yi gwaji goma sha bakwai, duk na rubuta. Na farko, ganyen ƙanshin nan tayim da kanumfari guda ɗaya, a kan dankalin turawa. Ban ji komai ba. Na biyar, kanumfari biyu da citta rabin cokali. Shiru. Na tara, na soya albasa a hankali har ta yi ja, na ɗiga lemun tsami, ban sa wani kayan ƙanshi ba don sun ƙare mini a ranar. Wannan na ji daɗinsa, amma na rubuta a gefe cewa ya yi sauƙi da yawa, ba za a biya kuɗi a ci wannan ba. Na sha bakwai, kanumfari biyar, citta cokali guda, masoro, na'a-na'a da ɗanyar tafarnuwa. Na ji yana yi mini zafi-zafi a maƙogwaro, na ce alhamdu lillahi, yau na kama bakin zaren.

Sai ga Dogo, abokin aikina mai kula da gashi, ya tsoma cokali ba tare da na ba shi ba. Ya yamutsa fuska, ya tambaye ni ko haƙorin wani ke ciwo a gidanmu na haɗa masa magani. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Daga nan na shiga sito na tura hancina cikin buhun albasa. Ko alama.

A gida ba ni da mai shaida. Maigidana tun da muka yi aure bai taɓa cewa abincina ya gaza ba, ko ƙonanne ne sai ya ce hannuna daban ne. Allah ya saka masa, amma ba ya mini amfani a nan. Kuma akwai abin da ya fi tsorata ni. Makon jiya tukunya ta kama, Dogo daga can ƙarshen kicin ya jiyo ƙauri ya ƙwala mini kira, ni kuwa ina tsaye a kanta.

Anti, ba zan ajiye ludayi ba, wannan na riga na yanke. Ban iya wani aiki ba, kuma ba na son wani. Amma uwar ɗakina, duk da mai adalci ce, ba ta jure a dawo da faranti. Ina tsoron in na faɗa mata ta mayar da ni yankan albasa ta ba Dogo murhuna. Me ke shiga da romon kaza irin wannan? Kuma in faɗa, ko in ci gaba da shiru har Allah ya dawo mini da hancin?

Taki,
Mai romon tire

*

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Sannu da wannan nauyi da kika ɗauka ke kaɗai wata huɗu. Bari in fara da girkin, don amsar tana cikin wasiƙarki.

Koma ki duba littafinki. Kanumfari ɗaya, biyu, har biyar. Ba romon ne ya nemi ƙari ba, ke ce kike ɗaga murya don hancinki ya ji. Masu cin abincin kuwa hancinsu ƙalau. Romon tire ya riga ya cika, kaza ce aka tattara a cokali. Ba ya son wanda zai yi gasa da shi.

Gwajinki na tara, wanda kika raina, shi ne daidai. Romo mai kauri da maiƙo yana son ɗan tsami da zai yanke shi, kuma a ɗiga lemun bayan an sauke, ba a kan wuta ba. Yana son zaƙin da ba na sukari ba, irin na albasar da kika soya, ko gasasshen karas, ko kabewa, ko tafarnuwar da aka gasa da ɓawonta har ta yi laushi. Ɗanya kam ki bar ta. Sai abin da zai shanye shi: dankalin da aka murƙushe da man shanu, farar shinkafa, ko burodi mai ɓawo. In farantin ya yi nauyi, ɗan ganye mai ɗaci-ɗaci zai farkar da shi, kabeji ko alayyafo ko koren wake, a taɓa su da wuta kaɗan. Gishiri kuma a ƙarshe, tunda romon yana ƙara gishiri da kansa yayin da yake janyewa.

Kin lura? Tsami, zaƙi, ɗaci, gishiri, kauri. Duk aikin harshe ne, kuma harshenki lafiya lau yake. Faranti ukunki suna nan ciki. Abin da ya rage wa hanci kaɗan ne: reshen tayim ɗaya, ɗan masoro. Kayan ƙanshi iri ɗaya ko biyu, kada su wuce haka, kuma a awon da kike sawa kafin murar.

Yanzu maganar faɗa. Tsoronki ba na banza ba ne. Akwai masu wurin da in suka ji haka sai su fara kallon mutum da wani ido, ban kuma san uwar ɗakinki ba balle in yi miki alkawari. Amma ki dubi nata ɓangaren. Wadda ba ta jiyo ƙaurin tukunya ba, ba za ta jiyo warin gas ba, ba za ta gane kazar da ta fara juyawa ba. A nan maganar ta wuce murhunki, ta shafi lafiyar mutanen da ke zaune a tebur taran nan. Kuma asirin ba zai daɗe ba. Dogo ya ga abu biyu a mako biyu, ba kuma yaro ba ne. In ta ji daga bakinki, mai girki ce da lalura ta samu. In ta gano da kanta, mai girki ce da ta ɓoye mata abu wata huɗu.

Don haka kada ki jira Asabar. Ki same ta kafin nan, ita kaɗai, ki faɗa mata a gajarce, ki zo mata da tsari a hannu: awo da harshe naki ne, shinshina kaza da duba gas da ɗanɗanon ƙarshe na Dogo. Mutumin da ya gaya miki gaskiya a kan kanumfari, komai tsawon bakinsa, irinsa kike bukata a gefenki. Ki roƙe shi kai tsaye, yawanci mai tsokana in aka ba shi amana yakan riƙe.

Ki kuma je ki ga likitan hanci a makon nan. Mutane da yawa ƙanshi yana dawo musu, wasu a hankali, kuma likita zai gaya miki abin da za ki riƙa yi.

Shekara sha huɗu ba a hanci kaɗai suke ba. Ki dafa mata faranti ukun nan bayan ta san gaskiya, ki bar ta ta yanke hukunci da bakinta. Allah ya ba ki lafiya, ya tausasa zuciyarta, ya bar ki a kan murhunki.

Antinki