Kebul Mai Kai Biyu

Litinin

Zuwa ga matata Mersiha,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya aiki, yaya tsohuwar da kike jinya a can birnin Graz? Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarki.

Wayar hannu ba ta tafiya, shi ya sa na ba direban bas wannan takarda. Guguwar Alhamis ta kayar da turakun lantarki goma sha ɗaya daga gada zuwa masallaci. Ni da Dragan abokin aikina kullum muna saman turaku muna gyara, kuma ba na ganin wuta za ta dawo kafin mako biyu.

Babanki ya sayo ɗan janareto saboda firiza, kada naman maraƙin da ya yanka don dawowarki ya lalace. Na haɗa masa da hannuna: janareto a tsakar gida, doguwar waya kai tsaye zuwa firiza, shi ke nan. Da na koma jiya sai na tarar yana harhaɗa kebul mai fulogi a kowane kai, wai zai cusa a soket ɗin bango gida duka ya samu wuta. Na ce, "Baba, in ka yi haka wutar za ta bi layi ta koma kan turken da muke aiki, mu kuwa mun ɗauka layin a mace yake." Ya ce, "Kai yaro, na ja wa gidan nan wuta tun ba ka san hagu da dama ba."

Kin san halinsa, maganarki kaɗai yake ji. In kin same shi, ki ja masa kunne.

Mijinki,
Senad

Talata ta sama

Mersiha tawa,

Ina gaishe ki, da fatan sanyi bai matsa miki ba. Lafiyata ƙalau, ki fara riƙe wannan kafin ki karanta sauran.

Na san kin yi magana da Baba ta tarhon gida ranar Lahadi da hantsi, kuma direba ya ce sai jiya takardata ta iso hannunki. To, lokacin da kuke hira ina kan turken bakin gada. An kashe layi daga tasha, na gwada da safe babu komai. Na cire safar hannu ɗaya don in kama ƙaramin noti, sai Dragan ya ɗago kai daga ƙasa ya ce, "Tsaya. Injin wa nake ji?" Na sake ɗora testar gwada wuta a kan layin. Ta kama jawur. Tsakanin yatsuna da wayar bai kai taƙi ɗaya ba.

Na sauko daga turken. Muka bi ƙarar har ƙofar gidanku. Na tarar da Baba a ɗakin sama, ya ajiye tarho ke nan, fuska sai annuri. Kebul ɗin yana cuse a bango. Ya ce, "Tarhon nan ba ya aiki sai da wuta, doguwar wayarka ta firiza kuma ba ta kaiwa sama. Yau Lahadi, ranar da Mersiha take kirana. In ta kira ta ji shiru fa?"

Dragan ne ya ce, "Dattijo, saura ƙiris ka mai da 'yarka gwauruwa tana kan layi." Baba ya dubi hannuna marar safa, ya zauna a bakin gado.

Ƙa'ida ita ce in kai rahoto a yanke gidan daga layi. Ban kai ba, Dragan ma ya ce bai ga komai ba. Na sauko da tarhon kusa da firiza, ya riƙa shan wuta daga doguwar wayar. Nama yana nan lafiya.

Jiya da safe ya zo gidanmu, ya ajiye kebul ɗin a kan tebur, ya datse shi gida biyu da gatari. Ko kofi bai sha ba. Tun daga nan duk turken da na hau, in na duba ƙasa sai in gan shi tsaye cikin taɓo, hula a hannu, ya kasa kunne ko wani ya tayar da inji. Na ce ya koma gida, ya ce in yi aikina.

Ki kira shi ranar Lahadi kamar kullum. Abin da na roƙe ki a takardar farko, ki bar shi. Ki dai tambaye shi ko yana cin abinci, don ni ban ga alama ba.

Naki har kullum,
Senad